Talatin ga Fabrairu

A Le Locle hunturu bai san sallama ba.
Maris ya shigo, ƙanƙara na nan kan rufin makwabta,
Kaka Odile ta jawo aljihun tebur,
ta ɗauko agogon Aurèle, mijinta,
ta ajiye shi gabana kan tsumma mai laushi.

Shekara talatin da ɗaya ta yi a masana'anta,
madubi a ido ɗaya, matsefata a hannu,
tana zaunar da sifirin da bai kai gashin gira ba.
Yau yatsun sun ƙi ta, rawa suke,
ta ce, Maëlle, ara mini naki, ni in ba ki baki.

Na duba 'yar tagar kwanan wata:
talatin.
Safiyar ashirin da takwas ya yi masa wani,
da yamma ya kwanta bai tashi ba.
Agogon bai samu labari ba,
ya ci gaba da tafiya shi kaɗai cikin duhu,
ya ƙirga ashirin da tara, ya taka talatin,
ya tsaya biyu saura na dare
a ranar da Fabrairu bai taɓa haifa ba, ba ta kuma cikin lissafi.

Na kai hannu zan gyara kwanan, ta buge mini yatsa.
Ba yanzu ba!
Daga tara na dare zuwa uku haƙoran ciki a sarƙe suke,
suna tura gobe zuwa taga.
Mai shiga tsakaninsu karya su zai yi.
Ja ɗan kunnen nan sau biyu, ki ji ƙas, ƙas,
kai gajeren hannu kan shida, nesa da rigima,
sannan ki mayar da shi, ki ja sau ɗaya,
ki murza a hankali.

Talatin da ɗaya ta wuce. Ɗaya. Biyu. Uku.
Kowace lamba na faɗowa kamar ɗigon famfo.
Tsaya kan jiya, in ji ta,
yau da ƙafarta za ta shigo.
Na juya hannaye suka haye sha biyu,
huɗu ta kau, biyar ta zauna,
sai ga mu a ranar da muke ciki.

Wani kuma ba a yin sa agogo na ɗaure,
sandar ciki lanƙwashewa take.
Riƙe shi a tafi kamar ɗan tsako,
murza da babban yatsa da manuni,
in ya fara yi miki gardama, ƙyale shi,
ya ƙoshi.

Ban kai murza ta goma ba
siririn hannun ya motsa.
Kaka ta juya fuska wajen taga,
ta daɗe tana kallon motar kwashe ƙanƙara.
Ni kuwa na kara shi a kunne,
ina jin ƙaramin dokin da ke sukuwa ciki.

Da ƙararrawar coci ta buga huɗu
na tura kunnen, ya koma mazauninsa daidai.
Ta ce, kakanki minti bakwai yake ƙarawa
don jirgin La Chaux-de-Fonds kada ya bar shi,
kuma kullum da gudu yake isa tasha,
don ya san da bakwai ɗin, yana cin bashinsu tun daga gado.
Na ce, in ƙara?
Ta ce, bar shi a kan gaskiya.
Ta ɗan yi shiru. To, ƙara biyu.

Maɗaurin fatar ya yi mini yawa.
Rami na uku ya buɗe baki, ya yi baƙi da gumin mutum ɗaya.
Ta miƙo mini basilla,
ta nuna wurin da farcenta mai rawa,
na huda sabo, can ciki,
inda fatar ba ta san kowa ba tukuna.